Takalmina Ya Tsinke a Burtali

Shafi na talatin da ɗaya ne ya ƙi fita. Sati uku ina buɗe waya da daddare bayan yara sun yi barci, in rubuta layi biyu, in goge uku. Labari ne da nake sakar wa masu karatuna a zauren WhatsApp, na wata yarinya da wani Alhaji ɗan Abuja, kuma na kai su inda ban san yadda zan yi da su ba. Ya kai ta Dubai ya dawo da ita, ya saya mata mota, kishiya ta yi asiri, asirin ya karye. Saura me? Kullum da safe sai in tarar da saƙonni: "Anti, shiru haka?" "Anti, don Allah a ci gaba." A cikinsu akwai na wata da ban sani ba, wadda ta biyo ni ta gefe, ba a cikin zaure ba. Ta ce tana son rubutuna, amma tun da ta fara karanta ni ba ta taɓa ganin ƙafar mutum ɗaya a labaraina ta taka ƙasa ba, daga tayil sai mota, daga mota sai jirgi. Na ji haushi ƙwarai. Ban ba ta amsa ba, amma kuma ban goge saƙon ba.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a Kano, don haka hutuna na ɗalibai ne: ƙarshen Yuli a rufe, tsakiyar Satumba a koma. Muna yara, dogon hutun nan ba na zaman birni ba ne. Ana ba mu sakamakon jarrabawa Baba zai kwashe mu ya kai ƙauyensu da ke arewa da Daura, ya damƙa mu a hannun ƙanwarsa, ba zai sake waiwayarmu ba sai an fara cin tumu. Tun da Allah ya yi masa rasuwa tafiyar ta tsaya. Shekara goma sha ɗaya ban taka garin ba, sai gaisuwa ta waya, sai aike in wani zai je. Bana Baffa ya kira ni, ya ce Gwaggo ta ce a gaya mini ita fa ba ta gane murya, fuska take ganewa. Na gaya wa maigidana, ya ce ai wannan ba saƙo ba ne, sammaci ne. Da kansa ya kai mu tashar Ƙofar Ruwa, ni da yaran biyu, namijin ɗan shekara tara, macen 'yar shida.

Hanyar Daura ba ta da wuyar kwatance. Ka fita ta Kurna da Rijiyar Lemo, a Dawanau ka rabu da titin Katsina, sai Ɗambatta, sai Kazaure da duwatsunta, ka ɗan gutsuri Jigawa kafin ka faɗa jihar Katsina. Abin da na manta shi ne launin damina. A Kano damina a wajena kwata ce da ta cika, da adaidaita sahu da ya mace a tsakiyar ruwa. Nan kuwa kore ne iya ganinka, gero ya wuce ƙugu, gyaɗa ta baje, balbela fari fat a bayan shanu, jefi-jefi ka hango tulin jar ƙasa na aikin layin dogon da zai tafi Maraɗi. Autata ta tambaye ni wane ne ya shuka ciyawa mai yawa haka. Wani dattijo da ke gaban mota ya juyo ya dube ta, ya dube ni, ya mayar da kai. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A Daura muka sauya mota, muka shiga ta Mai'aduwa, kafin a kai muka sauka a wata mararraba inda 'yan acaba ke zaune a gindin darbejiya. Ba mu yi nisa ba mashinan suka tsaya. An kwana ana ruwa, ƙoramar gaban garin ta kawo, fadamar da ke kewaye da ita kuma ba ta mashin ba ce. Ɗayansu ya ce, "Hajiya, sai dai ku ƙarasa da ƙafa. Ba nisa, ga kukar garin can." Duk wanda ya san "ba nisa" ɗin mutumin ƙauye ya san abin da ke gabanmu. Allah ya kawo wani yaro da amalanken shanu, ya ɗora jakunkuna da yaran a kan buhunan takinsa, ni babu wuri.

Takalmin da ke ƙafata na zuwa biki ne, mai ɗan tudu, a Sabon Gari na saye shi don kada a ce 'yar Kano ta zo a wulaƙance. Taku ashirin ko talatin na yi a cikin taɓo, ƙafar dama ta nutse, na ja, ƙafa ta fito, takalmi ya zauna. Da na sa hannu na zaro shi, igiyar ta riga ta rabu da gindin. Na tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, na duba gaba na duba baya, ba kowa sai amalanke da ke ƙara nisa. Na cire ɗayan.

Sanyi na fara ji. Ba irin na tayil ba, wanda yake ɗaya daga ɗaki har falo. Wannan sanyi ne mai motsi, yana kutsowa tsakanin yatsu, yana tsotsar diddige, in ka ɗaga ƙafa ya sake ka da 'yar ƙara kamar tsaki. A cikin ƙoramar ruwa ya kawo mini ƙwauri, yashin ƙasa yana zamewa a tafin ƙafata kamar ana janye tabarma a hankali. Daga nan hanya ta hau tudu ta zama burtali, shingen aguwa dama da hagu, rairayin samansa ya fara ɗumi, cikinsa da danshi. Har na fara jin daɗi, na raɓa gefe inda na ga 'yar ciyawa a kwance, sai tsidau ya yi mini maraba, guda uku lokaci ɗaya. Na yi salati da ƙarfi. Amma abin mamaki, kafin in yi tunanin sunkuyawa, ƙafar ta ɗaga da kanta ta goga tafinta a ƙwaurin 'yar'uwarta, ƙayoyin suka zube, ta koma tsakiyar hanya inda shanu suka tattake. Haka muke yi muna yara. Ni ban tuna ba, ita ce ta tuna.

Gwaggo na tsakar gida tana tsinke tafasa a faifai. Yaran sun riga ni isa, har ta fara da su: ta riƙe hannun namijin tana cewa ga angonta ya zo hannu rabbana, ko goro bai riƙo mata ba, macen kuwa kishiya ce, ko ruwa ba za ta ba ta ba. Na yi sallama na durƙusa. Duk da saƙon da ta aika, ba fuskata ta fara duba ba. Ƙafata ta duba, da takalman da ke hannuna.

"Lale, lale. Malama, ɓarayi suka tare ku?"

"Tsinkewa ya yi, Gwaggo."

"To madalla. Ya san inda ya zo."

Sannan ta jawo ni jikinta ta yi kuka, tana ambaton Baba da sunan da ita kaɗai ke kiransa da shi.

Da daddare ta miƙe ƙafafu a tabarma ina shafa mata man kaɗanya, na kalli ƙafar da kyau a hasken tocila. Faffaɗa ce, yatsun a barbaje kowanne da wurinsa, ba a matse kamar nawa ba. Tafin ya yi kauri kamar ƙirgi, diddigen duk faso. Tana da takalmi, kada a ce ba ta da shi. Baffa ya kawo mata tsaraba daga Makka, yana nan cikin kwalla tare da turamen ajiyarta. Ranar biki ko ta'aziyya a wani gari sai ta ɗora shi a ka ta yi tafiyarta, in ta hango gidajen farko ta sauke, ta kakkaɓe ƙafa, ta saka. Na tambaye ta dalili. Ta ce ƙafa in ta tsage tana haɗewa da kanta, takalmi kuwa sai an biya baduku.

Kwana biyu da zuwanmu ta ce in bi ta gayaunarta, lokacin sa wake a tsakanin gero ya yi. Wani jikan Baffa na gaba da sungumi yana sara, mu muna biye da ƙwarya a hannu. Ka jefa ƙwaya biyu ko uku a ramin, ka jawo ƙasa da gefen ƙafa, ka danna da diddige, ba sunkuyawa, ba tsayawa. Na je da silifas ɗin da matar Baffa ta ara mini. Kunya ɗaya na yi Gwaggo ta ce in cire, wai ina danne mata iri kamar mai daɓe. Ashe dannawar tana da awo: in ta yi yawa tsiro ya sha wuya, in ta yi kaɗan zabi da kurciya su tone. Roba ba ta san wannan awon ba.

A nan aka yi mini abin da nake yi wa ɗalibai. Na ce mata ƙasar nan ta fi ta can taushi. Ta tsaya cak.

"Wace ƙasa? Nan jigawa ce. Can inda kika taka kika yamutse fuska, fako ne, ko an shuka ba ya yi."

Daga nan har muka koma gida ba ta bar ni ba. Wannan mai ƙyalli a bakin ƙorama yashi ne, na gini. Wanda iska ta tara a gindin shinge rairayi ne. Wadda ta fi shi laushi, da kaji ke birgima a ciki da rani, turɓaya. Ga tsakuwa, ga burji, ga marmara da mahaƙa ke tararwa in rijiya ta yi zurfi. Abin da ya cinye mini takalmi ma, in ji ta, ba taɓo ba ne, lakar fadama ce. Taɓo na bakin kududdufi ne, caɓi kuwa sai an tattake shi, kamar na bakin rijiya in shanu sun gama sha. Yumɓu yana can wani kwari da maginan tukwane ke zuwa ɗiba, ƙasar shuri kuma ita ake nema in ana son yaɓen da ruwa ba zai wanke da wuri ba.

Babu kalmar da ban taɓa ji ba a cikin waɗannan. Wasu har na sa su a jarrabawa, "kawo ma'anar waɗannan kalmomi." Amma a wajena duk ma'anarsu ɗaya ce, wato wani nau'in ƙasa. A wajenta kowacce abu ce da tafin ƙafa zai gane ko ido a rufe. Na ce ta maimaita mini in rubuta. Ta ce, "Rubuta me? Taka dai, ɗiyar nan. Ƙafar wani ba ta yi wa wani tafiya."

Sai na shiga takawa. Mai takalmi gabansa yake kallo, marar takalmi dole ya kalli ƙasa, ƙasar damina kuwa da safe cike take da labari. In muka fita da Baffa yakan karanta burtali kamar jarida. Nan Fulani suka wuce da shanu kafin asuba, da ɗan maraƙi mai ɗingishi. Wannan sawun mai babban yatsa a karkace na wane ne, ya tafi gona da wuri, ashe ya samu sauƙi. Wannan jan layin ba maciji ba ne, akuya ce ta tsinke da igiyarta. A garin an san sawun kowa kamar yadda aka san muryarsa. Ranar da na ba Gwaggo labarin irin abin da nake rubutawa, da kishiyoyi da bokaye, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To su da ba su taka ƙasa, a ina bokan yake ɗibar sawun nasu?" Na yi dariya har da hawaye. Maganar baƙuwar nan ce ta dawo mini ta bakin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba.

Rana ma ta yi mini nata karatun. In aka kwana uku ba ruwa, rairayi daga hantsi zuwa azahar garwashi ne, tafiya sai ta koma lissafi: daga inuwar kanya zuwa ta tsamiya taku nawa ne, ina ciyawar da zan ɗan huta a kanta a tsakani. Ran farko na ruga gindin wani ƙaton itace na tarar ba inuwa. Ashe gawo ne, shi da ke zubar da ganye in damina ta sauka, ya fitar da sabo in kowa ya bushe. Gwaggo ta ce mai taurin kai ne, ya ƙi ruwan Allah, amma ba mai sare shi, don geron gindinsa ya fi na ko'ina. Yana kuma da ƙaya. Wannan ni na gano da kaina.

Yarana sati ɗaya ya ishe su. Kambas ɗinsu ya koma ƙarƙashin gado, namijin ya koyi langa, macen ta koyi gina ɗaki da ɗanyen rairayi: a binne ƙafa, a daddaɓa, a zare a hankali, ɗaki ya tsaya da ƙofarsa. Na faki idon mutane na gwada nawa, sau biyu yana rushewa.

Kada mai karatu ya ɗauka waƙar talauci nake yi. Ranar da na ce wa Gwaggo tafiya ba takalmi ta fi daɗi, kallon da ta yi mini ba mai kyau ba ne. "Daɗi? Don kin san naki na jiranki. Mu nan nema muke, ke kina cirewa." Gaskiyarta. Na ga yaron da kwalba ta yanka a tafin ƙafa, an ɗaure da tsumma, yana bin awaki a haka. Na ji ihun yarinyar da kunama ta harba a gindin rumbu, ta kwana ba ta runtsa ba. Magariba na yi, doka ce a gidan Baffa, ba mai fita sai da takalmi da tocila, saboda kububuwa ba ta gudu, kwanciyarta take a hanya. Shi kansa Baffan da dogon takalmin roba yake shiga fadama yanzu, kuma a idon sawunsa na hagu akwai tabon kurkunun da ya kwantar da shi damina guda cur, har gonarsa ta zama saura. Na tuna yadda Baba ke hana mu shan ruwan kududdufi, da ƙyallen da ake tace ruwa da shi a bakin randa. Kurkunu dai an rabu da shi, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Najeriya, yarana ko sunansa ba su taɓa ji ba. Amma tsargiya tana nan, shi ya sa wankan kududdufi kaɗai na hana su, suka yi mini fushin kwana biyu.

Rubutun a makon marka ya zo. Tsakiyar Agusta sama ta rufe, ruwa ba mai ƙarfi ba amma ba ya ɗaukewa, kwana huɗu ba gona, ba caji, don mai cajin garin da hasken rana yake aiki. Wayata ta mutu, da ma ko tana da rai sabis ɗin Nijar ta fi kamawa. Na ɗauki littafin aikin hutun ɗana na juya shi ta baya. Ban yi niyyar labari ba. Kalmomin Gwaggo na fara jerawa, kowacce da abin da ƙafata ta ji a kanta. Ina cikin rubuta "tsidau" sai na ga yarinyar labarina, wadda na bari a falon Abuja tana kallon bango, ga ta tsaye a burtali da ƙafa ɗaya, da ciki wata bakwai, an kawo ta goyon ciki gidan iyayenta. Ashe tana da iyaye. Ashe tana da gari. Shafi talatin na rubuta a kanta ban taɓa tambayar daga ina ta fito ba, na dai ce 'yar talakawa ce, fara, mai dogon gashi, na wuce. Ina sauke ta daga mota sai ga uwarta, ga ƙanin da aka sayar da tumakinsa don a yi mata kayan ɗaki, ga saurayin da ta bari, yana huɗa, ya ɗago ya gan ta ya mayar da kai. Ga kuma kunyar da take ji don ƙafarta ta yi laushi, ba ta iya zuwa rijiya ba takalmi, ƙawayenta na ƙuruciya suna kallo. Wannan kunyar ban ƙirƙire ta ba, tawa ce.

Na yi ta rubutu har biro ya ƙare na koma fensir. In na rubuta "ta ji baƙin ciki," sai jimlar ta kwanta ba rai. In kuwa na ce ta tsaya tana goga tafin ƙafa a ƙwaurinta alhali ba abin da ta taka, don kawai kada ta ɗago su haɗa ido, ba sai na ambaci baƙin ciki ba. Malamanmu na jami'a sun faɗa mana wannan da dogon bayani. Na haddace, na rubuta a jarrabawa, na ci, ban gane ba.

A cikin waɗannan dararen ne yaran suka nemi tatsuniyar Gizo. Gwaggo ta ce a ƙasar Daura ba a fara wa baƙo da Gizo. Ta ba su labarin Bayajida, baƙon da ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce sai Juma'a, don macijin rijiyar Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ranar, shi kuwa ya je da dare ya sare kansa. Duk wannan na sani, ina koyar da shi. Amma a bakin Gwaggo akwai abin da ba na faɗa wa ɗalibai: wai garin sauri ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a bakin rijiyar, da safe da masu cewa su suka kashe suka yi yawa, sai Daurama ta sa aka yi ta gwada musu takalmin. Autata ta ce, "Kenan da ƙafa ɗaya ya koma gida?" Gwaggo ta ce, "Kamar uwarki."

Zuwa kasuwar Mai'aduwa ta Lahadi ya yi ta ɗagawa, sai Lahadin ƙarshe muka samu. Kasuwa ce ta kan iyaka, shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, Hausar Damagaram tana gauraya da tamu, 'yan canji da sefa a hannu. Na sayi silifas na yaran gida da na maƙwabta, da takalmin roba mai rufi na yaron da kwalba ta yanka. Baduku ya juya nawa gaba da baya, ya ce gam aka sa masa ba ɗinki ba. "Irin wannan don a gani aka yi shi, Hajiya, ba don a taka ba." Ya ɗinke shi tsaf. Na gwada a gabansa, ya matse ni. Ya ce wallahi ba shi ya rage shi ba.

Farkon Satumba muka taso, an fara cin tumu, ƙarangiya ta nuna tana kama bakin zane. Gwaggo ta raka mu har ƙorama, ta ba ni ƙullin kuka da daddawa, da man kaɗanya a gwangwani, ta ce na faso ne tunda na ɗauko. Ta ce wa angonta kada ya sake zuwa ba sadaki. A Daura yaran suka nace sai sun ga rijiyar. Tana nan cikin ɗakin da aka gina mata, muka tuɓe takalma a ƙofa, aka jawo ruwa da guga muka sha. Autata ta leƙa kowane lungu tana neman ƙafa ɗayan.

A Kano na kwana uku ina kwafe fensir zuwa waya, sannan na saki shafi na talatin da ɗaya. Ba kowa ya ji daɗi ba. "Anti, ina Alhaji? Mu fa ba noma muka zo karanta ba." Mutum biyu suka fice daga zauren. Wata daga Kumasi ta ce kakarta 'yar ƙasar Katsina ce amma ita ba ta taɓa zuwa ba, ta tambayi mene ne tsidau. Kafin in ba ta amsa zaure ya kaure, masu cewa su tsaida suka sani, masu ba da labarin inda ya taɓa kama su, har da wadda ta tuno takalmin Sallar da ta ɓatar a kududdufi da dukan da ta sha. Wata matar aure a Jidda ta ce ta ajiye waya ta fita tsakar gida ta cire takalmi, sai ta tarar ko'ina siminti ne. Baƙuwar nan kuwa layi ɗaya ta turo mini ta gefe: "Anti, wa ya cire miki takalmi?"

Da kaka Baffa ya aiko wani direba da wake tiya biyu a cikin buhun taki, da saƙo daga Gwaggo. Wai na kunyoyin da na shuka ne, ban da ta farko. Ita sai da ta sake bi da kanta.